Hawan jinin majinyacin da ke kwance a asibiti: tambayoyi da amsoshi kan yadda likitoci ke yanke shawara

Kusan duk likitan da ya taɓa kwana a bakin aiki ya san wannan kiran: ƙarfe biyu na dare, nas ta ce jinin mai gado na shida ya hau 186/104, a zo a rubuta wani abu. Majinyacin kuwa ciwon huhu ya kawo shi, ko karaya, kuma barci yake yi kafin a tashe shi awo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƙananan likitoci, ma'aikatan jinya da dangin majinyata suka fi yi kan irin wannan hali. Maganar ta shafi manya ne, ban da yara.

Me ya sa jini ke hawa a gadon asibiti, har ga wanda nasa ke zaune lafiya a gida?

Saboda gadon asibiti ba wurin hutu ba ne. Zafin ciwo kaɗai ya isa ya ɗaga lambar sama, wato ta farko a awon jini, sosai, haka fargaba, rashin barci, tashin zuciya, ƙarancin iskar numfashi da mafitsarar da ta cika ta kasa fitar da fitsari, musamman ga dattijon da ke da kumburin prostat. Sannan akwai abin da mu kanmu muke ba shi. Kowace lita ɗaya ta ruwan gishiri na 0.9% da ake ƙarin ruwa da shi tana ɗauke da giram 9 na gishiri, wato wanda aka yi wa lita uku a yini ya sha giram 27, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 take so mutum ya ci a rana. Diclofenac da ibuprofen suna riƙe ruwa da gishiri, dexamethasone da prednisolone ma haka. Mai shan giya da ya kwana biyu bai sha ba jininsa zai hau, zuciyarsa ta yi sauri, hannunsa ya yi rawa.

Dalilin da aka fi mantawa shi ne mafi sauƙi: maganin da yake sha a gida ba a rubuta masa ba ranar da aka kwantar da shi. Wanda aka yanke wa maganin hawan jini irin su clonidine ko atenolol farat ɗaya, jininsa kan yi tsalle ya wuce inda yake tun farko.

Abin ya yi yawa ne har haka?

Ya yi. A asibitoci 10 na Cleveland Clinic da ke Amurka an duba bayanan manya 22,834 da aka kwantar a 2017 saboda cututtukan da ba na zuciya ba, aka samu kashi 78 cikin 100 an taɓa auna musu jini ya hau aƙalla sau ɗaya kafin sallama. Idan kusan mutum takwas cikin goma suna nuna alama ɗaya, alamar ita kaɗai ba ta isa ta zama dalilin allura ba.

To me ke sa likitoci da yawa saurin rubuta magani?

Ba jahilci ba ne, yawanci tsoro ne da sabo. Tun a makaranta aka cusa wa kowa cewa hawan jini shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma gaskiya ne, amma a tsawon shekaru yake yin ɓarnarsa. Ƙaramin likita yana kallon 190/100 sai ya hango jijiya ta fashe kafin asuba, ya hango kansa gobe a zagayen safe babban likita yana tambayarsa me ya yi. Rubuta allura abu ne da ake gani a fayil. Zuwa a duba mutum a ce a bar shi ya huta, wannan kan yi kama da sakaci ga wanda bai san dalili ba.

Tsarin aikin ma yana tura mutum. A asibitoci da yawa an rubuta wa nas cewa ta kira likita idan lambar sama ta wuce 160 ko 180, kuma kira yana neman amsa. Likita ɗaya da ke riƙe da ɗakuna uku ya fi samun sauƙi ya ce a ba da allurar saukar da jini ta hydralazine ta waya a kan ya taka ya je. Wasu ma tun ranar kwanciya suke rubuta "a ba da idan ya wuce kaza", don a bar su su yi barci. Akwai kuma likitocin da ke da kyakkyawar niyya: suna ganin tunda mutum yana hannunsu ana auna shi sau huɗu a rana, ai dama ce ta gyara masa magani. Wani binciken jin ra'ayi da aka wallafa a 2010 kan likitoci masu neman ƙwarewa a jihar Karolina ta Kudu ya nuna mafi yawansu suna ɗaukar saukar da hawan jini a gado a matsayin abu mai muhimmanci, a lokacin da babu wata ƙa'ida da aka tsara domin majinyatan da ke kwance. Ma'aunan da aka yi wa mai zuwa asibiti da ƙafarsa ya koma gida, su aka ɗauko aka ɗora wa mai zazzaɓi da robar ƙarin ruwa a hannu.

Me bincike ya nuna game da waɗanda aka ba maganin?

A wancan binciken na Cleveland, da aka gwama waɗanda aka ba magani da makamantansu da ba a ba su ba, raunin ƙoda na farat ɗaya ya kama kashi 10.3 na waɗanda aka ba, kashi 7.9 na waɗanda aka ƙyale. Raunin tsokar zuciya kashi 1.2 ne a kan 0.6. Babu wani matakin hawan jini da aka ga magani ya fi ƙyalewa amfani a cikinsa. A 2023 an wallafa wani kan tsofaffin sojojin Amurka 66,140 masu shekara 65 zuwa sama: waɗanda aka matsa wa magani cikin awa 48 na farko kashi 8.7 sun gamu da mummunan sakamako, kamar mutuwa, raunin ƙoda ko komawa sashen kulawa ta musamman, a kan kashi 6.9 na sauran, kuma abin ya fi muni ga waɗanda aka yi wa allurar jijiya.

Duka biyun bitar fayiloli ne, ba gwajin da aka raba mutane gida biyu da ƙuri'a ba, don haka mai yiwuwa wasu daga cikin waɗanda aka ba maganin dama sun fi jin jiki. Amma bincike bayan bincike yana nuna gefe guda, shi ya sa a watan Mayun 2024 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwar da ta ce a daina gaggawar ba da magani ga wanda jininsa ya hau ba tare da alamar lahani a wata gaɓa ba. Ta ma ba da shawarar a daina kiran wannan hali da sunan da ke nuna gaggawa, domin sunan kansa yana sa hannun likita ƙaiƙayi.

Ta yaya saukar da jini zai cutar da mutum?

Ƙwaƙwalwa da ƙoda suna da dabarar daidaita jinin da ke shigar musu, jijiyoyinsu na tsukewa ko buɗewa gwargwadon matsin da ke zuwa. Wanda ya shekara goma yana yawo da 170/100, jikinsa ya mayar da wannan ma'aunin sama. Idan allura ta sauko da shi 120/70 cikin rabin awa, lambar ta yi kyau a takarda, amma ƙwaƙwalwa da ƙoda suna cikin yunwar jini. Sai a ga jiri, ruɗewa, raguwar fitsari, creatinine (sinadarin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza) ya hau bayan kwana biyu, wani lokaci ma shanyewar ɓarin jikin da ake gudu ita ce ke faruwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ga tsoho kuma akwai faɗuwa: ya tashi cikin dare zai kewaya, jini ya sauka, ya faɗi ya karya ƙugu.

Yaushe ne hawan jini ke zama gaggawa ta gaske?

Idan ya wuce 180 a sama da 110 zuwa 120 a ƙasa kuma akwai sabuwar shaidar cewa wata gaɓa tana lalacewa. Wurare biyar ake dubawa. Ƙwaƙwalwa: ruɗewa, jijjiga, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, matsanancin ciwon kai da amai. Ido: dishi-dishi na farat ɗaya, ko zubar jini da kumburi a bayan ido idan an leƙa. Zuciya: ciwon ƙirji, haki, kasa kwanciya rigingine, ruwa a huhu. Babbar jijiyar jini: ciwo mai kamar ana yaga ƙirji zuwa baya, da bambancin awo tsakanin hannu biyu. Ƙoda: fitsari ya ragu ko ya zo da jini, creatinine na hawa.

Wannan majinyacin wurinsa sashen kulawa ta musamman, ko aƙalla gadon da ke gaban teburin nas, da maganin jijiya da ake iya ƙarawa ko ragewa, kamar labetalol, nicardipine, ko nitroglycerin idan huhu ya cika da ruwa. Ko a nan ma ba a faɗo da jini gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada a rage fiye da kashi 25 cikin awa ta farko, sannan a kai shi wajen 160/100 zuwa 110 cikin awa 2 zuwa 6, sannan a bi a hankali cikin awa 24 zuwa 48. Yagewar babbar jijiya ce ta fita daban: a nan ana son lambar sama ta sauka ƙasa da 120 cikin gaggawa, kuma a fara da maganin da ke rage bugun zuciya.

Ciwon kai mara tsanani shi kaɗai, ko haɓo, ba sa cikin wannan jerin.

An kira ni da dare, 186/104, majinyaci ba ya ƙorafin komai. Me zan yi?

Ka je ka gan shi. Abin da ya fi kowane magani amfani a wannan daren shi ne minti biyar a bakin gado.

Fara da sake awon da kanka, domin awon dare ya fi kowane awo kuskure. Duba maɗaurin hannun: a wani gwaji da aka wallafa a 2023, an ɗaura maɗauri na matsakaicin girma ga masu kaurin dantse da ke buƙatar mafi girma, sai lambar sama ta ƙaru da kusan 20. Ɗakin da ke da na'ura ɗaya da maɗauri ɗaya ga kowa, duk mai jiki a cikinsa mai hawan jini ne a takarda. A tallafe hannun daidai da zuciya, domin hannun da ke reto a gefe yana ƙara kusan 6 zuwa 7. Kada a ɗaura a kan riga, kada a auna yana magana, ko an tashe shi daga barci yanzun nan, ko ana cikin wanke masa miki.

Sai ka tambaye shi alamomin nan biyar, ka saurari huhunsa, ka duba ƙarfin hannuwa da ƙafafu. Idan akwai shakka, a yi ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa, a auna creatinine, a tsoma takardar gwaji a fitsari. Idan babu komai, nemi dalili: yana jin ciwo? Taɓa mararsa, idan mafitsara ta cika a sa robar fitsari, sau da yawa jinin kan sauka da kansa. Ruwa nawa aka ƙara masa yau, kuma har yanzu yana buƙata? Akwai diclofenac a takardar maganinsa da paracetamol zai iya maye gurbinsa? An ba shi maganinsa na gida? Gyara abin da ka samu, a rage haske, a bar shi minti 30, a sake aunawa. A wani bincike na 2008 kan mutum 549 da suka zo sashen gaggawa da jini sama sosai, kusan ɗaya cikin uku hutun minti 30 kaɗai ya sauko da su.

Daga ƙarshe ka rubuta abin da ka gani da dalilin da ya sa ba ka ba da allura ba, da alamomin da za a sake kiranka a kansu. Wannan rubutun shi ne kariyarka a zagayen safe, shi ne kuma zai kwantar wa nas hankali, don ita ma tsoron laifi take ji.

Idan an gyara komai kuma jinin ya ƙi sauka fa?

Idan awo bayan awo, yini guda ko fiye, yana nan sama da 180/110, musamman ga wanda aka san jininsa ba ya zaune tun a gida ko yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, babu laifi a fara ko a ƙara maganin sha. Amlodipine miligiram 5 sau ɗaya a rana mafari ne mai kyau. Kuskuren da ake yi shi ne ƙara shi washegari don ba a ga canji ba: amlodipine na ɗaukar kwana 7 zuwa 8 kafin ya zauna daidai a jini. Wanda aka ƙara wa magani uku cikin kwana uku, a gida dukansu za su kama shi lokaci ɗaya.

Me ya sa ake hana fasa ƙwayar hawan jini ta nifedipine a ƙarƙashin harshe?

Domin ba mai iya sanin inda zai kai jinin, kuma idan ya shiga ba a iya janye shi. Tun 1996 mujallar JAMA ta wallafa kira da a dakatar da wannan al'ada bayan rahotannin shanyewar ɓarin jiki, toshewar jijiyar zuciya da mutuwa. Har yau ana cin karo da ita a wasu ƙananan asibitoci da kemis, inda ake auna mutum a tsaye a ba shi ƙwaya ya tsotsa. Allurar hydralazine ma ba ta da tabbas: wani ba ta taɓa shi, wani ta kayar da jininsa na awanni, kuma tana sa zuciya gudu, abin da mai toshewar jijiyar zuciya ba ya so. Arha da samuwa ne suka sa ta zama ta hannun dama a ɗakunanmu.

Mai shanyewar ɓarin jiki fa, ba shi ya fi kowa buƙatar a sauke masa ba?

Ya danganta da irinta, kuma nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Idan toshewar jijiya ce, jinin da ya hau shi ke tura abinci zuwa sashen ƙwaƙwalwar da bai gama mutuwa ba. Shi ya sa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko ake barinsa har 220/120, kuma idan ya wuce haka kusan kashi 15 kawai ake ragewa a awa 24 na farko. Wanda za a yi wa allurar narkar da gudan jini ne ake sauke wa ƙasa da 185/110 kafin a fara. Idan kuwa fashewar jijiya ce, kuma lambar sama tana tsakanin 150 da 220, ana nufin 140, ba a so ta yi ƙasa da 130. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke raba biyun. Inda babu na'urar, ko dangi na neman kuɗin hoton, sauke jini da ƙarfi caca ce da ƙwaƙwalwar mutum.

Mai juna biyu?

Ita ba a jira. 160/110 da ya tsaya minti 15 ga mai ciki ko mai jego gaggawa ce ko ba ta ƙorafin komai, a ba da magani cikin minti 30 zuwa 60: labetalol miligiram 20 ta jijiya, ko hydralazine miligiram 5 zuwa 10 a hankali, ko nifedipine miligiram 10 ta haɗiye. Magnesium sulfate na hana jijjiga ne, ba ya maye gurbin maganin hawan jini. Lisinopril da losartan da danginsu haramun ne ga mai ciki.

Maganin da majinyaci ke sha a gida, a ci gaba ko a dakatar?

A ci gaba, sai da dalili. Dalilan dakatarwa sanannu ne: jini ya yi ƙasa, cuta ta shiga jini, gudawa da amai sun ƙarar da ruwan jiki, ƙoda ta samu rauni ko potassium ya hau. A irin wannan hali lisinopril, losartan da magungunan sa fitsari su ake fara ajiyewa. Wanda aka dakatar a rubuta ranar da za a sake dubawa, don sau da yawa an ajiye ke nan har sallama ba wanda ya tuna. A sa dangi su kawo ledar magungunan gaba ɗaya a gani da ido, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saya a kemis, don "ƙaramar farar ƙwaya" ba suna ba ne.

Ana fasa tiyata saboda hawan jini?

Ƙa'idar likitocin sa barci na Birtaniya ta 2016 ta ce tiyatar da ba ta gaggawa ba za a iya yin ta idan awon da aka yi kafin tiyatar bai kai 180/110 ba. Mutum da ya kwana da yunwa yana jiran wuƙa dole jininsa ya ɗaga. Danne shi da allura a ƙofar ɗakin tiyata kan sa jinin ya faɗi warwas da zarar maganin barci ya shiga.

A sallami mutum da ƙarin maganin da aka fara masa a gado?

Nan ne ra'ayin likitoci ya fi rabuwa. A binciken 2019 kan tsofaffin sojojin Amurka 4,056, waɗanda aka sallama da ƙarin magani kashi 21.4 sun dawo asibiti cikin kwana 30, a kan kashi 17.7 na sauran, kuma bayan shekara guda ba a ga raguwar ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba. Wani binciken na 2018 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka ƙara wa magani jininsu lafiya lau yake kafin a kwantar da su. Dalilin a fili yake: ciwo ya tafi, an cire ruwan gishiri, mutum ya koma gadonsa, jini ya koma inda yake, ga kuma ƙarin ƙwaya biyu a kansa.

Sai dai waɗancan tsofaffin sojoji suna da likitan da ke ganinsu da tarihin awo na shekaru. A Kano ko Maraɗi sau da yawa wannan kwanciyar ce karo na farko da aka taɓa ɗaura wa mutum ma'auni, kuma idan ya fita ba lallai ya dawo ba. Don haka likitan da ya ce ba zai bar mai 180/110 na kwana biyar ya tafi hannu rabbana ba yana da hujja, musamman idan ECG ya nuna zuciya ta yi kauri ko akwai furotin a fitsari, alamun cewa ciwon ya daɗe. Abin da ya dace shi ne a duba awon kwanakin ƙarshe bayan ciwo ya lafa, a fara da magani ɗaya ko biyu masu sauƙin kuɗi da zai iya ci gaba da saya. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide sauke jini. A rubuta masa ranar dawowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a kuma rubuta a katinsa wane magani ne sabo, wanne aka dakatar. Idan an fara lisinopril ko maganin sa fitsari, a auna creatinine da potassium a wannan dawowar.

Ni mai jinya ce, na ga 175/95 a takardar Baba kuma likita bai ba shi komai ba. In yi magana?

Ki yi, Hajiya, amma ga tambayoyin da suka fi "a yi masa allura" amfani: an rubuta masa maganinsa na gida? An sake awon bayan ya huta? Ki gaya musu idan yana jin ciwo yana ɓoyewa, ko ya daɗe bai yi fitsari ba. Kada ki ba shi ƙwayar gida a ɓoye a kan wadda nas ta ba shi, kuma a rage gishiri da dunƙule a abincin da ake kawowa. Idan kuwa kika ga bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, yana haki, yana riƙe ƙirji ko ya daina gane mutane, ki kira nas nan take, ko ƙarfe nawa ne.